Taswira da Mulki: Nasiha Ga 'Ya'yan Babbar Kasuwa Masu Shirin Shiga Jami'a

Duk shekara, a tsakiyar damina, in sakamakon jarrabawar bak ya fito, akan sha barka a layukan Babbar Kasuwar Yamai. Mai atamfa ya raba goro, mai takalma ya aika a sayo lemo, maƙwabta na ta "Allah ya sanya albarka". Bayan 'yan makonni murna ta lafa. Yaro ya dawo daga ƙetaren kogi da takardar rajista, ya ce an ba shi labarin ƙasa, ko kuwa ya zaɓi kimiyyar siyasa. Alhaji ya ɗago kai daga littafin bashi ya ce, "To, madalla. Amma ɗana, in an gama wannan karatun me ake zama?" Likita an san shi, alƙali an san shi, injiniya ma haka. Wannan kuwa sau da yawa yaron shiru yake yi, don shi ma bai sani ba.

Daga wannan shirun matsala take farawa. Ɗalibin da bai san amfanin abin da yake karantawa ba yakan yi shekara uku yana bin sahu, ya fito da kwali a hannu, ya koma fadar hira yana jiran gwamnati ta buɗe ƙofa. Alhali amsar tana nan kusa, rabinta ma a cikin katangar kasuwar take.

Ɗana, 'yata, ku dubi tarihin wurin da iyayenku ke neman abinci. A 1982 gobara ta cinye tsohuwar kasuwa ƙurmus. Gwamnatin Seyni Kountché ta sake gina ta da katanga da manyan ƙofofi, aka buɗe ta a 1987, aka ɗora wa kamfanin SOCOGEM kula da ita. A 2009 wuta ta sake tashi ta lashe wani ɓangare. A 2012 Ƙaramar Kasuwa ita ma ta ƙone. Duk sa'ad da irin wannan ta faru, tambayoyi kashi biyu ne ke tasowa. Ta ina motar kashe gobara za ta shiga? Nawa ne faɗin layi, kuma nawa ya rage bayan an jera tebura a bakinsa? Ina ruwa mafi kusa? Waɗannan na mai labarin ƙasa ne. Sai kashi na biyu: wa ya ba da izinin kafa teburan, wa ke karɓar kuɗinsu, wa ke da ikon cewa a tashi, wa za a fara bai wa shago in an sake gini? Waɗannan na mai kimiyyar siyasa ne. Na farko yana nazarin inda abubuwa suke da abin da ya ajiye su a nan. Na biyu yana nazarin wanda ke da iko a kansu da yadda ikon ya zo hannunsa.

Ko turmin atamfa guda ya isa darasi. Nijar ba ta da gaɓar teku. Shekara da shekaru yawancin hajar ƙetare a tashar Kwatano take sauka, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000, ta bi Parakou, ta haye gadar Malanville zuwa Gaya, ta biyo Dosso ta shigo Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya, Najeriya ta yanke wutar lantarki. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma hukumomin Yamai suka bar gadar Gaya a rufe. Haja ta koma sauka a Lome, tana ratsa Burkina Faso ta garin Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayarin manyan motoci da rakiyar soja, direba ya yi makonni yana jiran a tashi. Kowane kwanan jira a kan farashin turmin yake sauka. Tsofaffin kasuwa sun ga irin wannan tashin farashi a Janairu 1994, ran da aka karya darajar sefa da rabi, sun kuma sake gani daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Alhajin da bai taɓa zama a aji ba ya san wannan duka, don a aljihunsa ya ji shi. Abin da yake bukata a wurin ɗansa mai karatu shi ne ya gane sababi, ya iya hango hadari kafin ya iso.

Daga kasuwa zuwa jami'a ba nisa: a gangara bakin kogi, a haye gadar Kennedy, sai Harobanda. An fara jami'ar a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, a 1992 aka raɗa mata sunan Abdou Moumouni Dioffo, ɗan Tasawa, masanin makamashin hasken rana. Labarin ƙasa yana tsangayar adabi da nazarin ɗan'adam, kimiyyar siyasa kuwa tana tare da shari'a. Lisans shekara uku ne, masta biyu, dokta uku, in yajin aiki bai ja shekarar karatu ba. Yau kuma ba Yamai kaɗai ba ce: a 2010 an kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas da Dosso da Diffa da Tillaberi. Jami'ar André Salifou ta Damagaram ma tana da sashen labarin ƙasa.

Tuntuɓen farko tun a bakin ƙofa ake yin sa. Yara da yawa suna faɗawa labarin ƙasa don sun gudu daga lissafi, suna zaton haddar sunayen koguna da manyan birane ce kamar a makarantar sakandare. Sai su tarar da ƙididdiga, da awon nisa a taswira, da nazarin yanayi, da lissafin yawan ruwan da kogi ke ɗauka a daƙiƙa guda. Wasu kuma suna shiga kimiyyar siyasa don sun iya gardama a fada, sai su tarar da dokar tsarin mulki, da tarihin ra'ayoyin mulki, da kasafin kuɗin gwamnati, da dabarun bincike, ga littattafai masu kauri da ba a tsallake musu shafi. Ba laifi ba ne mutum ya shiga sashen da ba shi ya so da fari ba. Abin da ke ɓata shekaru shi ne ya zauna a cikinsa zuciyarsa na waje, yana zuwa aji kamar mai biyan tara. Wanda ya tsinci kansa a nan, gara ya rungumi lissafin da ya guje wa tun a zangon farko, ya nemi ɗan shekara ta uku ya zaunar da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tuntuɓe na biyu shi ne haddar fotokwafi. Babban ɗakin karatu ya cika ya batse, na baya ba ya jin malam, sai kowa ya dogara da takardun da ake sayarwa a bakin tsangaya. A haddace, a zuba a jarrabawa, a manta. Da haka ana cin maki, amma ba a zama masani. Labarin ƙasa karatun ƙafa ne, kuma ɗalibin Harobanda ba shi da uzuri, don darasin yakan biyo shi har unguwa. A farkon Satumba 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi a 620 yake. Madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin da ke maƙwabtaka da jami'a, ya ci gidaje a Karaje da Kirkisoye, ya ci na Saga a ɗaya gaɓar.

Mai karatun ƙwarai ya san cewa kogin sau biyu yake cika a Yamai. Akwai cikar da ke zuwa da sanyi, wajen Disamba da Janairu, ruwan Gini ne da ya daɗe a hanya yana ratsa fadamun Mali. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa daga ɓangaren Burkina Faso. A da cikar sanyi ce babba. Yanzu jan ruwan ya fi ta tsawo, saboda an sare itatuwa, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ba ya nutsewa sai gudu, yana tafe da yashi yana cike cikin kogi. Wannan bayani a littafi yake, amma gani ya kori ji. Ɗalibin da ya shiga Lamorde bayan ruwa ya janye, ya tsaya gaban bangon laka ya auna layin danshin da ya tsaya daidai ƙirjin mutum, ya tambayi mai gida yaushe aka yanka masa filin, wa ya sa hannu a takarda, nawa ya biya, wannan ya koyi abin da ba a sayarwa a shagon fotokwafi. Ya kuma gane cewa ambaliya ba ruwa ne kaɗai ba, har da yadda ake raba filaye.

Sai batun kayan aiki, kuma a nan ne ake rarrabe masu samun aiki da masu jira. Kwalin da babu sana'ar hannu a bayansa kamar shago ne da aka buɗe babu haja. Sana'ar mai labarin ƙasa ta yau ita ce zana taswira a kwamfuta, da karanta hoton tauraron ɗan'adam, da tattara bayanai da waya. Manhajar QGIS kyauta ce. Hotunan Landsat da Sentinel kyauta ne. Taswirar OpenStreetMap kowa na iya ƙara mata titin unguwarsu. KoboCollect, da ake cike takardun tambayoyi da ita, a ƙaramar waya take aiki. Kuɗin da matashi ke ƙonawa a katin intanet na kallon bidiyo ya isa ya sauke waɗannan duka. Wanda ba shi da kwamfuta ya haɗa kai da abokai biyu su nemi ta hannu, su riƙa karɓa-karɓa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kuma Yamai gari ne da ke da masu bukatar irin wannan hannu fiye da yadda ɗalibai ke zato. A nan cibiyar AGRHYMET take, wadda ƙungiyar CILSS ta kafa a 1974 bayan babban fari, tana bin diddigin damina da amfanin gona da makiyaya a faɗin Sahel, tana kuma horar da ma'aikata. A nan cibiyar ACMAD ta hasashen yanayin Afirka take. A nan hedikwatar ABN take, hukumar ƙasashe tara da ke raba ruwan kogin Isa. Ga IGNN mai zana taswirar ƙasa, ga INS mai ƙidaya, wadda ta lissafa mutum miliyan 17 da 'yan kai a 2012. Ga aikin madatsar Kandaji, wajen kilomita 180 a saman Yamai, inda sai an auna kowace gona an ƙirga kowane gida kafin a tashi ƙauye. Ga kamfanonin waya masu neman inda za su kafa eriya, ga ma'aikatun magajin gari masu fama da magudanan ruwa da bola. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya ɗaukar mutum don ya haddace ma'anar hamada. Tambayarsu guda ce: me ka taɓa yi da hannunka?

Wani misali daga Maraɗi ya nuna ƙarfin wannan sana'a. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna yi masa sassabe, dabarar da Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Shekara ashirin duniya ba ta lura ba, ana ta cewa hamada na cinye Nijar. Sai da Gray Tappan, masanin labarin ƙasa daga Amurka, tare da masana irin su Mahamane Larwanou, suka jera tsofaffin hotunan sama kusa da sababbi, suka kuma shiga gonaki da ƙafa, sannan aka tabbatar da cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Maraɗi da Damagaram. Manoma ne suka yi aikin. Mai taswira ne ya sa aka gan shi, har masu tsara manufofi suka canza magana.

Ga masu kimiyyar siyasa, babban ruɗi shi ne zaton cewa karatun ɗan siyasa ake zama da shi. Tarihin ɗaliban Yamai yana ƙara wa matashi wannan zafi, kuma tarihi ne na gaske. Ran 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy, abin da ya taimaka wajen buɗe hanyar Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, ƙarƙashin jagorancin masanin tarihi André Salifou. Girmama wannan wajibi ne. Amma an sha ganin yaron da ya mayar da jami'a dandali, ya san sunan kowane shugaban jam'iyya, bai karanta tsarin mulki ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Yana bin wani uban gida yana riƙe masa jaka, shekaru na tafiya. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Nijar ta ga jamhuriya bakwai da juyin mulki biyar, a 1974 da 1996 da 1999 da 2010 da 2023. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, a Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa. Wanda ya yi karatu don kujerar majalisa kawai, sai ya wayi gari babu kujerar. Wanda kuwa ya yi karatu don ya gane yadda hukuma ke aiki, aikinsa ƙaruwa ya yi. Ko da jam'iyyu ko babu, sai an tara haraji, sai an rubuta kasafi, sai an sasanta manoma da makiyaya, sai an zauna da maƙwabta. An kafa ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso a Satumba 2023, a Yamai aka mayar da shi haɗaka ran 6 ga Yuli 2024, ƙasashen uku suka fita daga CEDEAO a Janairu 2025. Kowace yarjejeniya da ta biyo baya, ta fasfo ce ko ta harajin duwan, tana bukatar wanda zai karanta ta layi-layi ya faɗi abin da za ta jawo wa mai shigo da shinkafa. Hanyoyin wannan karatu sun haɗa da makarantar ENA mai horar da manyan ma'aikatan gwamnati, da ma'aikatar harkokin waje, da gidajen rediyo da jaridu, da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, da koyarwa da bincike.

Mai son ganin yadda ake binciken mulki da gaske ya leƙa rubuce-rubucen LASDEL, cibiyar da aka kafa a Yamai a 2001, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou ke cikin waɗanda suka assasa ta. Masu bincikenta sukan zauna makonni a asibiti ko kotu ko ofishin magajin gari, suna duba tazarar da ke tsakanin abin da doka ta ce da abin da ake yi. Rahotanninsu da yawa suna intanet kyauta. Ɗalibin da ya karanta uku daga ciki zai koyi yadda ake yi wa mutum tambaya ba tare da an sa masa amsa a baki ba.

Kada kuma a yarda da katangar da ke tsakanin sassan biyu, don a wurin aiki rushewa take yi. Nijar da Benin sun daɗe suna jayayya kan tsibirin Lete. Da Kotun Duniya ta yanke hukunci ran 12 ga Yuli 2005 ta bai wa Nijar tsibirin, da tsofaffin wasiƙun jami'an mulkin mallaka ta yi aiki, da kuma awon da ke nuna inda babbar hanyar jirgin ruwa ta bi a 1960. A shari'ar iyaka da Burkina Faso, wadda aka yanke a Afrilu 2013, wata dokar 1927 ce da taswirar 1960 suka zama ginshiƙi. Haka abin yake a karkara. Bayan kisan da aka yi a Toda, ƙasar Maraɗi, a Oktoba 1991, inda mutum fiye da ɗari suka rasa rai a rikicin manoma da makiyaya, an kafa dokar filayen karkara a 1993, aka samar da kwamitocin filaye na COFO daga ƙauye zuwa gunduma. Shata burtali aikin mai awo ne. Shawo kan sarki da arɗo da manomi su yarda da shatar aikin wanda ya san mutane da iko ne. Ɗalibin siyasa da ya iya karanta taswira, da ɗalibin labarin ƙasa da ya san doka, kowannensu ya fi takwarorinsa daraja a idon mai ɗaukar aiki.

Harshe ma jari ne da 'ya'yan kasuwa ke da shi ba su sani ba. Yaron da ya tashi yana ciniki da Hausa da Zabarmanci, yana tsintar Fillanci da Buzanci a bakin masu saye, ya riga wasu nisa, don bincike a ƙauye ba a yin sa da Faransanci. Kundin mulki na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turancin Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Mai hankali zai koyi rubuta Hausa da ƙa'ida, ya gyara Faransancinsa har ya iya rubuta rahoton shafi biyu babu kuskure, ya kuma dage da Ingilishi. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ga jami'o'in Sakkwato da Katsina da Kano da Zariya a kusa. A Jami'ar Bayero Attahiru Jega ya koyar da kimiyyar siyasa kafin ya shugabanci hukumar zaɓen Najeriya daga 2010 zuwa 2015. A Zariya da Kano Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke ciyar da jama'a mai yawa a ƙaramin fili ba tare da ƙasa ta mutu ba.

In an zo rubuta kundin kammala karatu, nan ma akwai rami. Ɗalibi ya ɗauko kai mai faɗin duniya, irin dimokuraɗiyya a Afirka ko canjin yanayi a Sahel, ya yi ta kwafo daga intanet, ya ƙare da kundin da ko shi ba zai sake buɗewa ba. Manyan masana ba haka suka yi ba. Hamidou Arouna Sidikou a kan birnin Yamai kanta ya rubuta babban kundinsa a 1980. Emmanuel Grégoire da alhazan Maraɗi ya zauna, littafinsa a kansu ya fito a 1986, har yau ana karanta shi. Ɗan kasuwa yana da ƙofar da baƙo ba shi da ita. Yana iya bin albasar Galmi daga gona zuwa tashar mota yana rubuta wanda ya ci riba a kowane zango. Yana iya nazarin yadda 'yan layi guda ke zaɓen shugabansu da yadda suke sasanta rikicin bashi ba tare da an je gaban 'yan sanda ba. Yana iya bin sawun masu kiyos da aka tasa daga bakin titunan Yamai a 2016, ya gano inda suka koma. Kundi irin wannan, ko shafi hamsin ne, takardar neman aiki ce da kanta.

Akwai gargaɗin da ya shafi amana. Aikin farko da yawancin matasa ke samu shi ne tattara bayanai na 'yan makonni ga wata ƙungiya. Rana ta yi zafi, ƙauye ya yi nisa, sai shaiɗan ya raya wa mutum ya zauna gindin bedi ya cike takardu ashirin da ka. Wayar da aka ba shi kuwa tana rubuta wuri da lokacin kowace amsa. Mai dubawa ya buɗe taswira ya ga gidaje ashirin duk a gindin itace ɗaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma masu wannan aiki a Yamai sun san juna, suna ɗaya in ya ɓaci ya ɓaci ke nan. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, da waɗannan alƙaluma ake yanke ƙauyen da za a kai wa hatsi da wanda za a tsallake.

'Yata, ke ma wannan fage naki ne. Za a ce miki aikin daji ba na mace ba ne, siyasa kuma ta maza ce. Amma rabin gidajen da ake son a yi wa tambaya, namiji baƙo a zaure yake tsayawa, ke ce za ki shiga har tsakar gida ki ji gaskiyar abin da aka dafa jiya. Ran 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka yi maci don an ware su daga shirin Taron Ƙasa, ranar ta zama ranar matan Nijar. A 2000 aka kafa dokar kason mata a muƙamai, a 2019 aka ɗaga shi zuwa kashi 25 na kujerun zaɓe da kashi 30 na naɗi. Aïchatou Mindaoudou, masaniyar dokar ƙasa da ƙasa, ita ce ministar harkokin waje lokacin shari'ar Lete, daga baya ta wakilci Majalisar Ɗinkin Duniya a Kodebuwa. In aure ya zo a tsakiyar karatu, a yi maganar ƙarasa shi a gaban waliyyai tun kafin a sa rana. An ga kundaye da yawa da suka tsaya a babi na biyu don an bar wannan magana sai bayan biki.

Bayan kwali sai bautar ƙasa, bayan bautar ƙasa sai jiran jarrabawar ɗaukar aiki, wadda kan zo jefi-jefi, gurabe kaɗan, masu nema dubbai. A wannan tsakanin ne fada ke cinye mutum. A hura gawayi da hantsi, a sha shayi na fari da na biyu da na uku, a warware matsalar duniya da baki, magariba ta yi, gobe ma haka. Hira ba laifi ba ce, amma shekara biyu a kan benci tana goge abin da aka koya a shekara uku. Wanda ya karɓi koyarwar kwantiragi a ƙauye, ko koyon aiki babu albashi a ofishin magajin gari, ko ya koma shagon mahaifinsa da safe yana gyara taswira da dare, wannan hannunsa bai yi sanyi ba ran da dama ta zo. Komawa kasuwa da digiri kuwa ba faɗuwa ba ce. Mai fitar da haja daga duwan da ya san yarjejeniyoyin ƙasashe, da mai motocin dakon kaya da ya san hanyoyi da damina, sun fi wani mai ofis cin moriyar karatunsu.

Iyaye ma suna da nasu kason. Ɗalibin da aka tsare a shago daga safe har la'asar ba zai je fili ba, kuma kuɗin tsohuwar kwamfuta bai kai na ɗinkin Sallah biyu ba.

Saboda haka, ɗana, 'yata, kafin ku biya kuɗin rajista ku haye gada da ƙafarku. Ku nemi jerin darussan shekara uku ku karanta shi sannu a hankali. Ku zauna da ɗan shekarar ƙarshe, ku kuma nemi wanda ya gama shekara biyar da suka wuce ku tambaye shi abin da ya amfane shi da abin da ya yi da-na-sanin bari. In kun shiga, ku ɗaukar wa kanku alkawari guda: kafin damina ta zagayo, ku zana taswirar layinku ko unguwarku da awon da kuka yi da kanku, ko ku rubuta rahoton shafi biyar kan yadda ake yanke wata shawara a wurin da kuka sani. Ku kai wa malaminku ya yi muku gyara da jan alƙalami, ku sake rubutawa. Allah ya ba ku ilimi mai amfani.